Addu'ar masu bi: abin da Kiristoci ke roƙa wa ikilisiya, da duniya, da waɗanda aka yi wa rasuwa

A mafi yawan majami'un duniya, ranar Lahadi, akwai lokacin da ake tsai da waƙa da wa'azi, jama'a su miƙe, a shiga roƙo. A lokacin nan mutum ba ya gabatar da buƙatar kansa. Ana jero waɗanda za a yi wa addu'a ne rukuni-rukuni: a fara da ikilisiya, a bi da shugabannin ƙasa da zaman lafiyar duniya, a zo kan marasa lafiya da ƴan kaso da matafiya, sannan a rufe da mamata ko iyalan da suka bari. Ƴan Katolika masu magana da Faransanci suna kiranta prière universelle, wato addu'ar da ta game kowa, ana kuma ce mata addu'ar masu bi. A majami'un Furotesta ba ta da suna ɗaya tsayayye, amma ana yin ta, fasto ko wani dattijo na jagora.

A Nijar Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'umma ba, bisa ƙidayar shekarar 2012. Saboda haka mutane da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai suna jin sautin ibada daga bayan katanga, ko su je gaisuwar mutuwa gidan abokin aiki Kirista, ba tare da sun san abin da ake faɗa ba. Rashin sani kuwa, in ji masu magana, ya fi dare duhu. Wannan bayani ya tattaro asalin addu'ar, da tsarinta, da wurin da ɗarikun Kirista suka haɗu da wurin da suka rabu a kanta.

Kalmomi biyu na buƙatar rarrabewa tun daga farko. Majami'a, ko coci, ita ce ginin da ake taruwa. Ikilisiya kuwa ita ce jama'ar masu bin kanta, ta unguwa ɗaya ko ta duniya baki ɗaya. Idan aka ce addu'a domin ikilisiya, mutanen ake nufi.

Inda ta samo asali

Tushen da kowace ɗarika ke kafa hujja da shi yana cikin Littafi Mai Tsarki, a wasiƙa ta farko ta Manzo Bulus zuwa ga Timoti, sura ta 2. A can ne aka umarci masu bi su yi roƙo da godiya saboda dukan mutane, aka kuma ware sarakuna da masu riƙe da iko da suna, domin jama'a su samu zama cikin natsuwa. Akwai wasu wurare biyu da ake yawan haɗawa da wannan. Na farko, Linjilar Matiyu sura ta 5, inda Yesu Almasihu ya ce wa almajiransa su yi wa masu tsananta musu addu'a. Na biyu, littafin Annabi Irmiya sura ta 29, inda aka gaya wa Yahudawan da aka kwasa bauta zuwa Babila su nemi alherin birnin da suke zaune a ciki, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu na ɗaure da lafiyarsa. Kiristocin da ke zaune a matsayin tsiraru suna yawan komawa ga wannan sura.

Shaidar tarihi ma ta daɗe. Wajen shekara ta 96, Kilemen, shugaban ikilisiyar Roma, ya rubuta wa Kiristocin Korinti wasiƙa da ya saka doguwar addu'a a ƙarshenta, har da roƙon lafiya da hikima ga masu mulki, alhali a zamanin Sarki Nero, shekaru talatin da ƴan kai kafin nan, gwamnatin Roma ta karkashe Kiristoci. Wajen shekara ta 150 kuma, wani malami mai suna Jastin ya bayyana yadda taron Lahadi yake a Roma: a yi karatu, shugaba ya yi gargaɗi, sai kowa ya miƙe a yi addu'a tare. Tsarin da ake bi yau ke nan, kusan ba canji.

Sunan "addu'ar masu bi" ya fito ne daga wata tsohuwar al'ada. A ƙarnonin farko, waɗanda ke koyon addini ba a riga an yi musu baftisma ba ana sallamarsu bayan wa'azi, sai waɗanda suka riga suka shiga su tsaya su yi roƙon. Ana ɗaukarsa a matsayin aiki ne da ya hau kan duk wanda aka yi wa baftisma, ba na malamai kaɗai ba.

Daga wajen ƙarni na 6 addu'ar ta ɓace daga ibadar Lahadi ta Roma, ta rage sau ɗaya a shekara, ranar Babbar Juma'a, wadda Kiristoci ke tuna gicciye Yesu. A Faransa da wasu ƙasashe an ci gaba da yin wani nau'inta da harshen gari bayan wa'azi. Babban taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ya maido da ita, a cikin kundinsa na tsarin ibada da aka fitar ranar 4 ga Disamban 1963.

Yadda ake yin ta

A wurin Katolika, addu'ar na zuwa ne a tsakiyar babbar ibada, wadda ake kira mes: bayan karatu da wa'azi da furta shahadar bangaskiya, kafin a kawo gurasa da inabi bisa bagade. Fada, wato limamin, shi ke buɗewa da gajeren kira, shi ke kuma rufewa. Amma buƙatun kansu wani ne ke karanta su daga mumbari, dikin ko mai karatu ko wani daga cikin jama'a, mace ko namiji. Bayan kowace buƙata jama'a su amsa da amshi gajere na roƙon Ubangiji ya ji, sau da yawa da waƙa, ko kuma su yi shiru na ɗan lokaci.

Littafin tsarin mes ya tsara buƙatun kashi huɗu, a jere: buƙatun ikilisiya, masu riƙe da mulki da ceton duniya duka, waɗanda ke cikin kowace irin wahala, sai jama'ar wurin. An ce a taƙaita su, kada su zama wa'azi na biyu, kuma su kasance roƙon jama'a duka. Ranar aure ko jana'iza ana iya karkata su ga abin da ya tara mutane. Hikimar jerin a fili take: sai mai ibada ya gama roƙa wa na nesa kafin ya iso kan nasa.

Ranar Babbar Juma'a ana yin mafi tsawonta, buƙatu 10: ikilisiya, Fafaroma, malamai da sauran masu bi, masu shirin baftisma, haɗin kan Kiristoci, Yahudawa, waɗanda ba su bin Almasihu, waɗanda ba su yarda da Allah ba, masu mulki, da waɗanda ke cikin ƙunci. Kalmomin sun sha gyara. A 1959 Fafaroma Jean na 23 ya cire wata kalma da Yahudawa ke ɗauka zagi, a 1970 kuma aka sake rubuta roƙon gaba ɗaya. A 2020 an ƙara buƙata ta musamman saboda annobar korona.

Ƴan Otodoks na Girka da Rasha da gabashin Turai suna buɗe ibadarsu da jerin roƙo da ake kira na salama, dikin na faɗa jama'a na amsawa, ana roƙon zaman lafiyar duniya, da yanayi mai kyau, da albarkar gona, da kariya ga matafiya da kamammu. Ƴan Angilika suna da tasu a rubuce cikin littafin addu'arsu tun 1549. Majami'un bishara, Baftis da Fentikos da makamantansu, ba su karantawa daga littafi. Ana sanar da buƙatu, wani lokaci daga bakin mabuƙatan, sai mutum ɗaya ya yi addu'a a madadin kowa, ko kowa ya ɗaga murya a lokaci guda. Da yawansu na ƙarawa da taron addu'a a tsakiyar mako, da kwanan addu'a, da azumi.

Roƙo domin ikilisiya

Abubuwa uku ne suka fi fitowa a wannan kashi. Na farko shugabanni. A kowace mes ta Katolika ana ambaton Fafaroma mai ci da bishop na yankin da sunayensu, kuma wannan ambato shi ne alamar cewa jama'ar wurin na tare da sauran ikilisiya. Furotesta na yi wa fastoci da dattawa da masu bishara addu'a. A duka ɓangarorin, abin da ake roƙa musu shi ne hikima da riƙon amana, domin koyarwar Kirista ta yarda cewa shugaban addini mutum ne mai iya faɗuwa.

Na biyu haɗin kai. Kiristoci sun rabu manyan rabuwa biyu: tsakanin Roma da Gabas, wadda ake dangantawa da shekarar 1054, da ta Furotesta daga 1517. Domin haka ne ake yin makon addu'a don haɗin kan Kiristoci daga 18 zuwa 25 ga Janairu, al'adar da ta fara a 1908 a Amurka. Tun 1968 fadar Vatikan da Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya mai mazauni a Janeba ne ke shirya rubutun makon tare, suna damƙa aikin farko ga Kiristocin wata ƙasa kowace shekara. Na 2024 Kiristocin Burkina Faso ne suka shirya shi, a kan ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, suna tsaka da fama da hare-haren ƴan bindiga.

Na uku, waɗanda ke shan wahala saboda addininsu, da waɗanda aka sace. Lokacin da aka ɗauke Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, daga ƙauyen Bomoanga da ke yankin Makalondi ranar 17 ga Satumban 2018, Kiristoci a Nijar da Italiya sun shafe shekara biyu suna yi masa addu'a, har aka sako shi a Mali cikin Oktoban 2020.

Shugabanni da zaman lafiya

Tambayar da ake yawan yi ita ce, shin yi wa mai mulki addu'a goyon baya ne? Amsar da malaman Kirista ke bayarwa ta daɗe. A shekara ta 197, Tertuliyan, wani marubuci na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya bayyana wa hukumomin Roma cewa Kiristoci suna roƙa wa sarki tsawon rai da mulki mai lafiya, amma ba za su yi masa hadaya kamar abin bauta ba. Ma'anar ita ce sarki ma bawa ne da ke buƙatar a roƙa masa. A shekara ta 311, Sarki Galeriyus, wanda ya jima yana tsananta wa Kiristoci, ya fitar da dokar sassauci yana kan gadon mutuwa, ya kuma nemi su yi masa addu'a shi da daular. Har yau abin da ake roƙa wa shugaba shi ne adalci da kula da talaka, ko wace hanya ya bi ya hau, ko wane addini yake bi.

A zamanin nan Katolika ta ware ranar 1 ga Janairu ta zama ranar zaman lafiya ta duniya. Fafaroma Paul na 6 ne ya kafa ta, aka fara a 1968, kuma kowace shekara Fafaroma na fitar da saƙo da ake aika wa gwamnatoci. Kafin nan, a Afrilun 1963, wata shida bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba da ya kusa jefa Amurka da Tarayyar Sobiyet cikin yaƙin nukiliya, Jean na 23 ya fitar da wasiƙarsa kan zaman lafiya, ya kuma aika ta ga dukan masu kyakkyawar niyya, ba Katolika kaɗai ba.

Ranar 27 ga Oktoban 1986, Jean-Paul na 2 ya gayyaci shugabannin ɗarikun Kirista da na sauran addinai, har da malaman Musulunci, zuwa garin Asizi na Italiya. An yi azumi, kowane addini ya keɓe ya yi addu'arsa bisa tsarinsa, aka kuma roƙi masu yaƙi a duniya su ajiye makamai na yini ɗaya. Wasu ƴan Katolika masu ra'ayin riƙau sun soki taron, suna ganin cakuɗa addinai ne. Duk da haka an sake shi a 2002, da 2011, da 2016.

Akwai wuraren da taron addu'a ya zama mafarin sauyin siyasa. A birnin Laifzig na tsohuwar Jamus ta Gabas, an fara addu'ar zaman lafiya kowace Litinin a majami'ar Nikolai tun 1982, da mutane ƙalilan. Ranar 9 ga Oktoban 1989 kimanin mutum dubu 70 ne suka fita tituna bayan addu'ar, riƙe da kyandir, jami'an tsaro ba su buɗe wuta ba; wata ɗaya bayan haka katangar Balin ta faɗi. A Laberiya, a 2003, mata Kirista da Musulmi sanye da fararen kaya sun yi ta zaman addu'a a filin kasuwar kifi ta Monrobiya, suka bi masu sasantawa har Akara, inda aka sa hannu kan yarjejeniya cikin Agustan shekarar. Jagorarsu Leymah Gbowee ta samu kyautar Nobel a 2011.

Ba ko'ina ne aka ga haka ba. Fafaroma François ya kira yinin azumi da addu'a saboda Siriya ranar 7 ga Satumban 2013, yaƙin kuwa ya ci gaba shekaru. A Afrilun 2019 ya durƙusa ya sumbaci ƙafafun shugabannin Sudan ta Kudu yana roƙonsu su riƙe alkawari, har yanzu ƙasar ba ta zauna daidai ba. Malaman Kirista na cewa addu'a ba ciniki ba ce da Allah, kuma wanda ya roƙi zaman lafiya ya ɗora wa kansa nauyin yin aikinsa.

Addu'a ga mamata: inda aka rabu

A nan ne bambanci mafi girma yake, kuma shi ne ya kamata mai zuwa gaisuwa ya sani. Katolika da Otodoks suna yi wa mamaci kansa addu'a. Mafi yawan Furotesta ba su yi.

Katolika na koyar da cewa wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗar zunubi a tare da shi, sai an tsarkake shi kafin ya shiga aljanna. Wannan hali shi ake kira purgatoire da Faransanci, kuma addu'a da sadaka da mes na masu rai suna amfanar wanda ke cikinsa. Manyan tarurrukan Liyon a 1274, Fulorans a 1439 da Tarant a 1563 sun tabbatar da koyarwar. Hujjar da aka fi kawowa tana cikin littafi na biyu na Makabiyawa, sura ta 12, inda wani shugaban yaƙi na Yahudawa ya tara kuɗi ya aika Urushalima a yi hadaya saboda sojojinsa da suka mutu. Ana kuma kawo shaidar Tertuliyan cewa Kiristocin zamaninsa na yin baiko saboda mamatansu kowace shekara, da labarin Monika, mahaifiyar Ogustin malamin Hippo a Aljeriya ta yau, wadda ta rasu a 387 bayan ta roƙi ƴaƴanta su riƙa tuna ta a gaban bagade.

Furotesta ba su lissafa littafin Makabiyawa cikin hurarrun littattafai ba. Nasu 66 ne, na Katolika 73. Suna kafa hujja da wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta 9, cewa mutuwa sau ɗaya ce, shari'a ke biye da ita, da kuma koyarwar cewa ceto kyauta ce ta Allah ta hanyar bangaskiya, wadda ba wani aikin masu rai da zai ƙara mata. Rigimar da Martin Luther ya tayar a Jamus a 1517 ma daga nan ta taso, kan sayar da takardun sassauci da ake cewa suna rage wa mamata wahala. Saboda haka a jana'izar majami'ar bishara za a ji godiya ga Allah saboda rayuwar marigayi, a ji wa'azi ga masu rai, a ji roƙo domin iyali, amma ba za a ji ana nema masa gafara ba. Angilika na tsakiya: sun cire addu'ar mamata daga littafinsu a 1552, ta dawo a wurare da yawa bayan yaƙin duniya na ɗaya, lokacin da gidaje bila adadin suka rasa ƴaƴa ba su ko ga gawa ba.

Otodoks ba su karɓi koyarwar purgatoire yadda Roma ta tsara ta ba, amma suna yi wa mamaci addu'a a rana ta 3, ta 9 da ta 40, da kuma cikar shekara. Wanda ya saba da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a ƙasar Hausa zai ga kamanni a lissafin, ko da yake kowane na da tushensa.

Katolika ta kuma ware ranar 2 ga Nuwamba domin dukan mamata, kashegarin idin dukan tsarkaka da ake kira Toussaint. Odilon, shugaban gidan zuhudu na Kuluni a Faransa, shi ya kafa ta wajen shekara ta 1000. A ranakun nan iyalai kan je maƙabarta, su share kaburbura, fada ya yi addu'a ya yayyafa ruwa. Iyali na iya neman a yi mes da sunan mamacinsu a kowane lokaci, su ba da ɗan abin hasafi. Dokar ikilisiya ta 1983 ta gargaɗi limamai su yi wa matalauta ko ba su ba da komai ba.

Waɗanda aka bari

A kan masu makoki babu saɓani. Wasiƙa zuwa ga Romawa, sura ta 12, ta umarci masu bi su yi kuka tare da masu kuka. Wasiƙar Yakubu ta sa kula da marayu da matan da mazansu suka mutu cikin ma'aunin addini na gaskiya. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 6, ya nuna cewa muƙami na farko da ikilisiya ta ƙirƙiro bayan na manzanni, na mutum 7 ne da aka naɗa su daidaita rabon abinci ga irin waɗannan mata. Kuka ma ba a hana shi ba, domin Linjilar Yahaya, sura ta 11, ta nuna Yesu da kansa ya zub da hawaye a kabarin abokinsa Li'azaru. Abin da Bulus ya ja kunnen Tasalonikawa a kai shi ne baƙin ciki irin na wanda ba ya sa ran tashin matattu.

Jana'izar Katolika hawa uku ce: zaman dare na addu'a a gida ko majami'a, mes, sannan addu'ar bakin kabari. Ana kunna babban kyandir na Faska, idin tashin Yesu daga matattu, kusa da akwatin gawa. Ana yayyafa ruwa don tuna baftismar marigayi, ana turara turare don girmama jikin. Fada yakan sa tufa mai launin shunayya. Wajen Furotesta an fi ba da ƙarfi ga karatu da waƙoƙi da wa'azi. Zabura ta 23 da ta 90 da ta 130 na cikin waɗanda aka fi karantawa a duka ɓangarorin.

A majami'un masu Hausa, nauyin da ke biyo bayan biso yakan faɗa kan zumuntar mata: su ke dafa abinci, su kwana da matar marigayi, su tara gudummawa, su dawo bayan baƙi sun watse. Kiristoci ba su da wajabcin binnewa a ranar da aka rasu, shi ya sa wani lokaci gawa kan kwana biyu ko fiye a ɗakin ajiya na asibiti, ana jiran dangi na nesa. Ga maƙwabcin da ya zo gaisuwa kuwa, "Allah ya ba da haƙuri" da "yaya haƙuri" sun isa, kowace ɗarika na karɓarsu. Su kansu Kiristoci sukan ce wa juna "Allah ya ta'azantar da ku".

A Nijar

Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Daga aikinsu ne Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, EERN, ta fito, kuma Hausa ce harshen ibada a yawancin majami'unta. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932. Katolika ta kafu a Yamai a 1931. Yamai ta zama dayosis, wato yankin bishop, a 1961, aka yanke Maraɗi daga cikinta a 2001. Laurent Lompo, wanda aka naɗa bishop a 2013, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai wannan matsayi, kuma shi ke riƙe da Yamai tun 2015. Ana ibada da Faransanci, Hausa, Zabarmanci da Gurmanci, saboda jama'ar ta haɗa ƴan ƙasa da baƙi daga Benin, Togo, Burkina Faso da Najeriya.

Buƙatun da ake karantawa ranar Lahadi na bin halin ƙasa: damina mai albarka, sauƙin tsadar hatsi, sojojin da ke bakin daga, ƴan gudun hijira na Diffa da Tilaberi, ɗalibai lokacin jarrabawa. Babu wanda ke tantance addinin waɗanda ake roƙa wa, kuma a ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, galibinsu Musulmi ne.

An jarraba wannan koyarwa ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe ta koma ƙone-ƙone a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasu, ƴan sanda kuma suka ce an ƙona majami'u 45 a Yamai. Gwamnati ta ayyana makoki na kwana uku, malaman Musulunci da dama sun yi tir da abin, wasu maƙwabta Musulmi sun ɓoye Kiristoci a gidajensu. Shugabannin ikilisiyoyi sun kira mabiyansu ga yafewa, ba a kuwa ga ramuwa ba. Ranar 21 ga watan, Fafaroma François ya yi wa Nijar addu'a a bainar jama'a a Roma. Ya sake yi ranar 20 ga Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da ake maganar tura sojojin CEDEAO. Ya goyi bayan kiran bishop-bishop na yankin na a bi hanyar sulhu.

Wanda ke son bin waɗannan addu'o'i cikin shekara, ranakun da za a riƙe su ne: 1 ga Janairu, zaman lafiya, 18 zuwa 25 ga Janairu, haɗin kan Kiristoci, Juma'ar farko ta Maris, ranar addu'a ta duniya da mata Kirista ke shiryawa, Babbar Juma'a, cikin Maris ko Afrilu, sai 1 da 2 ga Nuwamba, tsarkaka da mamata. Sauran makonni kuma, kowace Lahadi da safe, jerin nan huɗu ne ake maimaitawa, kuma ƙasa da shugabanninta da masu makokinta na cikinsa.